Alƙali ya yanke maka hukuncin da bai maka daɗi ba? Ga yadda ake ɗaukaka ƙara, mataki-mataki

Ranar da aka kayar da kawuna a shari'ar gona, ina tsaye a bayan kotu ina jinsa yana faɗa da ƙarfi, "wallahi sai na yi afil, ko Abuja ne sai mun je." Ya kaɗe babbar riga muka hau mashin muka koma gida. Toh lokacin kaka ne, ya ce bari a gama girbi a sayar da wake tukunna a samu na lauya. Sanda muka shiga ofishin lauya da ledar takardu an fi wata biyu, mutumin ya duba kwanan watan da ke jikin hukuncin, ya cire tabarau ya ce "Baba ai ƙofa ta rufe, yanzu sai dai mu roƙi kotu ta buɗe mana." Kuɗin da aka kashe wajen roƙon nan kaɗai ya kusa kai na afil ɗin kansa. Tun daga nan na gane abu biyu ne ke cin mutane a harkar nan, kwanaki da takarda. Kotun sama bata ganin fuskarka, bata jin kukanka, abin da aka rubuta a kotun ƙasa shi take karantawa, kuma sai in ka zo cikin lokaci.

Mataki na farko: ka karɓi hukuncin a rubuce

Kar ka dogara da abin da kunnenka ya ji, ballantana abin da tafinta ya fassara maka a gaggauce. A ranar, ko washegari, ka rubuta wa rajistaran kotun takardar neman kwafin hukunci mai hatimin kotu, wanda lauyoyi ke cewa CTC, ka biya, ka karɓi rasit. Haƙƙinka ne ba alfarma ba. Sashe na 294 na tsarin mulkin 1999 ya ce manyan kotuna su ba ɓangarorin shari'a kwafi cikin kwana 7, sashe na 36 ma ya ba wanda aka yi wa shari'ar laifi irin wannan haƙƙin. A aikace zaka ji ana "ba a gama bugawa ba, dawo jibi", shi yasa rasit da kwafin wasiƙarka mai sitamfin karɓa suke da amfani, in lokaci ya ƙure su ne shaidarka cewa ba sakacinka bane.

In ka karɓa ka karanta har shafin ƙarshe. Mutanen Kano ba zasu manta da Nuwamban 2023 ba, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karanta hukuncin tsige Gwamna Abba Kabir Yusuf, amma da CTC ya fito sai ga wani sakin layi a ciki yana faɗin akasin haka, kotu ta ce kuskuren rubutu ne. Kotun Ƙoli ce ta rufe maganar ranar 12 ga Janairu 2024 ta tabbatar masa da kujerarsa. In har shari'ar gwamna za a samu haka, taka ta fili fa? Duba sunanka, duba adadin kuɗi, duba iyakokin gonar gabas da yamma.

Mataki na biyu: ina zaka kai?

Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. Tsanin dai ga shi: daga kotun majistare sai Babbar Kotun Jiha. Daga Babbar Kotun Jiha ko Babbar Kotun Tarayya sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, mai rassa a Kano, Kaduna, Sakkwato, Jos, Gombe, Yola, Abuja da sauransu, inda alƙalai 3 ke zama. Daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja, alƙalai 5, ko 7 in maganar fassara tsarin mulki ce, kuma daga ita babu gaba.

Amma ɓangaren kotunan shari'ar Musulunci akwai wata mararraba da ya kamata kowa ya sani. Mutum ya sha kaye a Babbar Kotun Shari'a, sai ya ɗauka ai kai tsaye Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a zai nufa wajen su Girandi Kadi tunda duk shari'ar Musulunci ce. Ba haka bane. Sashe na 277 ya taƙaita hurumin wannan kotun ga abin da ya shafi aure, saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. In rigimar taku ciniki ce, ko bashi, ko "gonata ce na saya", "a'a tawa ce aro na baka", wannan Babbar Kotun Jiha ake kaiwa. An sha yin shekaru ana fafatawa a gaban kadi uku, mutum ya yi nasara ya yi walima, a je Kotun Ɗaukaka Ƙara a rushe komai da kalma ɗaya: babu hurumi. Abin da ake dubawa shi ne da'awar da mai ƙara ya faɗa ranar farko a kotun ƙasa. In ya ce "ina neman a raba mana gadon mahaifinmu", gado ne. In ya ce "ina ƙarar wane ya shigar min gona", ko da gonar ta gado ce, to a yi hattara, rigimar mallaka ce. Ka sa lauya ya karanta wannan shafin na farko da kyau kafin ka biya ko sisi.

Rigimar ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki kuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake yi, kuma afil ɗinta a Kotun Ɗaukaka Ƙara yake ƙarewa.

Mataki na uku: ƙirga kwana

Rubuta wannan a bangon ɗaki in ta kama. Daga babbar kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, shari'ar da ba ta laifi ba wata 3 ne in hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 kacal in ƙwarya-ƙwaryan hukunci ne da aka yi a tsakiyar shari'a, shari'ar laifi kuma kwana 90. Daga Kotun Ɗaukaka Ƙara zuwa Kotun Ƙoli wata 3 da kwana 14 ɗin suna nan, amma na laifi ya koma kwana 30. Daga majistare ko kotun shari'a galibi kwana 30 ne, sai dai kowace jiha da dokarta, ka tambaya a rajistiri tun ranar. Asabar da Lahadi duk suna cikin lissafi, kuma kar wani ya ce maka ai kotu na hutu a bari sai an dawo.

In ka makara fa? Akwai magani amma mai ɗaci. Lauya zai shigar da moshan na neman ƙarin lokaci tare da takardar rantsuwa, kuma dole ka gamsar da kotu abu biyu a tare: dalili mai ƙarfi da ya hana ka zuwa, da kuma cewa hujjojin afil ɗin naka suna da nama a jiki. Rashin lafiya da takardar asibiti dalili ne. Kuskuren lauya ma kotu kan ɗaga ƙafa. "Muna ta sulhu a gidan mai unguwa" ko "ina jiran kuɗin wake" irin na kawuna, wannan sai dai addu'a. Ni shawarata, ko ana maganar sulhu ka shigar da takardarka, in an daidaita janyewa ba wuya.

Mataki na huɗu: kai tsaye ne ko sai da izini?

Ba kowane afil ake shiga haka kawai ba. Sashe na 241 ya lissafa waɗanda haƙƙinka ne: hukuncin ƙarshe na babbar kotu a shari'ar da aka faro a gabanta, ko ƙorafin da ya tsaya kan doka zalla, ko hukuncin kisa, da wasu kaɗan. Sauran, sashe na 242 ya ce sai ka nemi izinin kotu. Misali shari'arka ta faro daga majistare, ka yi afil a Babbar Kotun Jiha ka sake faɗuwa, yanzu kana so ka wuce gaba kana ƙorafi kan yadda aka auna shaidu, toh sai da izini. Haka hukuncin da kuka yi yarjejeniya kotu ta sa hannu. Wanda ya shiga babu izini a inda ake buƙata, komai kyawun hujjarsa za a kore ta ba tare da an duba ba. In kuma kana buƙatar izini ga lokaci ya wuce, roƙo uku ake haɗawa a takarda ɗaya, ƙarin lokacin neman izini, izinin kansa, da ƙarin lokacin shigar da afil, a bar ɗaya a rasa duka.

Mataki na biyar: me alƙalin ya yi ba daidai ba?

"An zalunce ni" ba hujja bace a can. Sai ka nuna da yatsa. Ya yi shari'ar da ba shi da hurumi a kai? An yanke hukunci ba a kai maka sammaci ba? An hana ka kawo shaidu ko yi wa shaidun abokin shari'a tambayoyi? An karɓi takardar da doka ta hana, ko an ƙi wadda ya kamata a karɓa? A kotun shari'a, an yi i'izari kafin hukunci, wato an tambaye ka ko kana da sauran magana? An ɗora rantsuwa a kan wanda ya dace? Irin waɗannan su ne ke rushe hukunci.

Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka ce ai yanzu na samo wani dattijo da ya san asalin gonar. Kotun sama bata sake jin shaidu. Sabuwar hujja sai da izini na musamman, kuma sai ka nuna duk ƙoƙarinka ba yadda za a yi ka same ta a lokacin shari'ar farko. Sannan alƙalin da ya ga shaida ido da ido, ya ga yana rawar baki ko yana kallon ƙasa, kotun sama bata cika taɓa abin da ya gaskata ba. In kotu biyu suka haɗu a kan magana ɗaya, Kotun Ƙoli sai da babban dalili take sa hannu. Saboda haka ka zauna da lauya ka ce ya faɗa maka gaskiya tsakaninsa da Allah. Wanda ya ce maka "dari bisa dari zamu ci" tun bai karanta fayil ba, ka ɗauki takalminka.

Mataki na shida: shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara

In daga babbar kotu ne, a rajistirin kotun da ta yanke hukuncin ake shigarwa, ba a can sama ba, mutane da yawa na mamakin wannan. Takardar zata ƙunshi wane hukunci ne, wane ɓangarensa kake ƙorafi, hujjojinka ɗaya bayan ɗaya, me kake so a yi maka, da sunaye da adireshin duk wanda abin ya shafa. A biya, a karɓi rasit, a tabbatar belif, wato ma'aikacin kotu mai kai takardu, ya kai wa ɗaya ɓangaren ya dawo da shaidar kaiwa. Wani ɗan abu da zaka duba da idonka: wa ya sa hannu? Tun hukuncin Okafor da Nweke na 2007 Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi, ba sunan lauya ɗan'adam da ke cikin rajista ba, matacciya ce. Shari'o'i masu yawa sun mutu a kan wannan.

Mataki na bakwai: tsayar da zartar da hukunci

Wannan ka buɗe kunne. Shigar da afil baya hana a zartar da hukunci. Kana zaune kana cewa ai mun yi afil, sai ka ga belif da 'yan sanda a ƙofar shago ana loda kaya, ko ka je ATM kati ya ƙi, banki su ce kotu ta sa a riƙe asusun. Dole a shigar da roƙo daban na dakatar da zartarwa, kuma ni a ganina rana ɗaya ya kamata a shigar da su. Ana fara nema a kotun da ta yi hukuncin, in ta ƙi kana da kwana 15 ka nema a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Abin da zaka nuna shi ne in aka zartar, ko ka ci afil ɗin babu amfani, misali za a rushe gidan ko a sayar wa wani. In hukuncin kuɗi ne, sau da yawa sharaɗin da ake sawa shi ne ka ajiye kuɗin a asusun da ke hannun rajistaran kotu har a gama. Wanda ke tunanin afil hanyar gudun biyan bashi ce, nan yake gane kurensa.

Mataki na takwas: rikod, inda afil ke kwana

Rikod shi ne kundin duk abin da ya faru a kotun ƙasa, ƙara, amsa, bayanin shaidu, takardun da aka karɓa, hukunci. A ƙa'idojin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2021 rajistara na da kwana 60 ya haɗa ya aika, in bai yi ba nauyin ya dawo kanka, kwana 30. Kai zaka biya kuɗin bugawa da kwafi, kuma in ba ka bi da ƙafarka ba wallahi fayil ɗin zai yi ƙura a kan kabad. In shari'ar da Hausa aka rubuta ta, kamar yadda ake yi a kotunan shari'a da yawa, sai an fassara zuwa Turanci kafin ta kai can, ka samu mai jin harsunan biyu ya gwada maka. Na ga inda "jingina" ta koma "sayarwa" a fassara, kaga kuwa ai shari'ar ta canja gaba ɗaya. Abin da babu shi a rikod, a wajen kotun sama bai faru ba, ko da gari guda ya shaida.

Mataki na tara: rubutacciyar hujja da ranar zama

Rikod na isa za a ba afil ɗin lamba. Lauyanka na da kwana 45 ya shigar da rubutacciyar hujjarsa, wancan ɓangaren kwana 30, kai kuma kwana 14 in akwai martani. Ranar zama kar ka sa ran dogon turanci irin na talabijin, lauya zai miƙe ya ce ya dogara da abin da ya rubuta, ya ƙara 'yan kalmomi, shikenan. Daga nan kotu na da kwana 90 ta yanke hukunci. Jiran a sa ranar ne ke cin shekaru, musamman a Kotun Ƙoli.

Sakamakon ɗayan huɗu ne: a kori afil ɗin, a rushe hukuncin a baka gaskiya, a gyara wani ɓangare, ko a ce a koma a sake shari'ar daga farko gaban wani alƙali. Na ƙarshen nan mutane na murna da shi, alhali komawa gidan jiya ne, ga shaidu wasu sun tsufa wasu sun rasu.

In shari'ar laifi ce

Matakan kusan ɗaya ne, bambancin mutum yana tsare. Wanda ke gidan gyaran hali zai iya shigar da takardarsa ta hannun jami'an gidan, kuma wanda ba shi da halin ɗaukar lauya 'yan'uwansa su nemi ofishin hukumar ba da tallafin lauya kyauta ta tarayya da ke jiharsu. Beli bayan an yanke hukunci ba irin na farko bane, yanzu kotu na kallonka a matsayin mai laifi, sai ka kawo dalili na musamman, kamar ciwon da ba za a iya kula da shi a ciki ba, ko wa'adin gajere ne zai ƙare kafin a saurari afil ɗin.

Ana iya ƙorafi kan kama mutum da laifin, ana iya yi kan tsawon ɗaurin kawai. Tsohon ɗan majalisar wakilai Faruk Lawan shekara 7 aka yanke masa a 2021, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar 5 a 2022, Kotun Ƙoli ta tabbatar da 5 ɗin a Janairun 2024. Tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye daga 14 aka dawo da shi 10. Shi kuwa tsohon gwamnan Abiya Orji Uzor Kalu da aka ɗaure shekara 12 kan almundahanar kuɗi a Disambar 2019, a watan Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar, ba don an ce kuɗin basu ɓata ba, sai don alƙalin da ya yanke hukuncin an riga an ƙara masa girma zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, ba shi da hurumin dawowa ya ƙarasa. Kaga maganar hurumin nan dai. Sannan ka sani gwamnati ma tana afil in an sallami mutum ko in tana ganin hukuncin ya yi sauƙi. Wanda aka yanke wa kisa kuwa ba a taɓa shi muddin afil ɗinsa na gaban kotu, Kotun Ƙoli ta yi kakkausan magana kan haka a 1986 a shari'ar Nasiru Bello, wanda gwamnatin Oyo ta kashe alhali ƙararsa bata ƙare ba.

In rigimar haraji ce

'Yan kasuwa, taku ta fi kowacce saurin rufewa, domin tun kafin a je kotu agogon ke fara bugawa. Ranar da aka miƙo maka takardar ƙiyasin haraji kana da kwana 30 ka rubuta ƙin amincewa. A rubuce, ba zuwa ofis a gaisa da oga a ce "za a duba" ba. Ka faɗi nawa suka ce, nawa kai ka yarda da shi, me yasa, ka haɗa da rasitai da bayanan banki da littafin ciniki, ka biya ɓangaren da baka musu a kai, ka karɓi sitamfi a kwafinka. In ka yi shiru kwanakin suka wuce, adadin ya zauna daram ko da na zalunci ne. Yaron shago da ya karɓi ambulan ya jefa a durowa ya jawo wa iyayen gida da yawa asara.

In hukumar ta ƙi sauyawa, kwana 30 ne kuma ka kai gaban kotun sauraron ƙorafin haraji, wadda ake kira TAT. Ta Arewa maso Yamma tana Kaduna, ta Arewa maso Gabas tana Bauchi, ta Arewa ta Tsakiya tana Jos, akwai kuma a Abuja. Nan akanta mai tsaf da lissafi yana da amfani kamar lauya. Daga TAT sai Babbar Kotun Tarayya cikin kwana 30, amma kan batun doka kawai, ba za a sake buga lissafi ba, don haka duk takardar da kake da ita ka zube ta tun a TAT.

Dokokin sun canja. Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji guda 4 a watan Yunin 2025, hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS, an kuma ƙirƙiro ofishin karɓar koken masu biyan haraji. A sabon tsarin hukuma na da kwana 90 ta amsa ƙin amincewarka, in ta yi shiru an ɗauka ta yarda da kai, wanda hakan ke nufin sitamfin nan na ranar da ka kai takarda ya zama kuɗi. Kafin ka wuce TAT ka tambayi lauya ko za a nemi ka ajiye wani kaso na kuɗin da ake rigima a kai, don kar ka shirya na lauya kawai a tare ka a ƙofa.

Kawuna dai an ba shi ƙarin lokacin daga ƙarshe, saboda Allah Ya taimake shi akwai katin asibiti na sati biyun da ya yi a kwance cikin watannin nan. Babbar Kotun Jiha ta ce a koma a sake shari'ar. Kafin a sa rana dattawan gari suka shiga tsakani aka raba gonar biyu, ya ɗauki ɓangaren da ke da rijiya.